Fayilolin da Git bai taɓa gani ba: nazarin wata manhajar dillalai a Legas

## Asalin lamarin

A wani ƙaramin ofis da ke Agege, mutum uku ne ke kula da wata manhaja da wasu dillalan albasa da tumatir na kasuwar Mile 12 ke aiki da ita. Tana rubuta kowace mota da ta iso daga Arewa, ko daga Aliero take ko daga Kura ko Danja, da yawan buhu ko kwandon da aka sauke, da mai kayan, da la'adar da aka cire. Idan ciniki ya faɗa sai ta buga rasit, ta kuma aika wa mai kaya saƙon tes da Hausa. An rubuta ta da Python a kan Django, rubutunta kuma yana cikin ma'ajiya ta sirri a shafin GitHub, ana kula da shi da Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen fayiloli.

Jagoran aikin shi ne ya fara rubuta ta shi kaɗai. Bayan wata biyu wata abokiyar aiki ta shigo, daga baya kuma aka ɗauki wani matashi mai hidimar ƙasa yana koyon aiki. Akwai al'adu biyu na ofishin da ke da nasaba da duk abin da ya biyo baya. Na farko, duk wanda ya shigo ba a sa shi ya sauko da sabon kwafin ma'ajiyar daga GitHub da `git clone` ba. Don a rage cin data, jagoran kan kwafe masa foldar aikin gaba ɗaya a filashi, har da ɓoyayyiyar foldar `.git` da ke cikinta, inda Git ke ajiye tarihi da saitinsa. Na biyu, ana ɗora manhajar ne a saba, wato kwamfutar da take aiki a kai dillalai su same ta ta intanet, da umarnin kwafe fayiloli na `rsync` kai tsaye daga laftof ɗin jagoran, wato abin da ke kan faifansa shi ke tafiya, ba abin da ke GitHub ba.

Kafin a shiga labarin, ya kamata a tuna yadda Git, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 2005, ke kallon fayil. Wurare uku ne. Akwai foldar aiki, wato fayilolin da ke kan faifai. Akwai rajista, jerin sunayen da Git ya amince zai bibiya, wanda `git add` ke ƙara wa suna. Sannan akwai kwamit, hoton rajistar da aka adana a tarihi, kuma shi kaɗai ne ke tafiya idan an tura ko an kwafo. Kamar littafin dillali ne da kayan da ke jibge a rumfa: buhun da ba a rubuta ba yana nan a ƙasa, amma wanda aka aika wa littafin ba zai san da zamansa ba. Fayil ɗin da ke kan faifai amma babu shi a rajista kuma iri biyu ne: wanda Git ba ya bibiya kawai, da wanda wata ƙa'ida ta umarce shi ya kau da kai daga gare shi.

## Mako na farko, Litinin: sabuwar saba

Hayar tsohuwar sabar za ta ƙare nan da kwana 12. Aka kama sabuwa mai Ubuntu, aka kuma rubuta ɗan rubutun ɗorawa wanda kowane lokaci yake yin `git clone` cikin sabuwar folda, ya girka abubuwan da ke `requirements.txt`, jerin fakitin da manhajar ke buƙata, sannan ya mayar da manhajar kan wannan foldar. An kwaso rumbun bayanai daga tsohuwar sabar lafiya lau.

Manhajar ta tashi, shafin shiga ya buɗe, amma abubuwa biyar suka lalace. Shafin ƙididdigar mako ya ba da kuskuren `TemplateDoesNotExist`. Maɓallin buga rasit ya ƙi motsi. Rubutun fuskar manhajar ya koma Turanci. Lissafin la'ada ya tsaya da `FileNotFoundError`. Saƙon tes kuma ya ƙi fita. A laftof ɗin mutum ukun, da tsohuwar saba, komai na tafiya daidai. Aka bar dillalai a kan tsohuwar.

## Litinin da Talata: sake turawa

Zaton farko shi ne akwai gyaran da ba a tura ba. Jagoran ya buga `git status`, ya ga `nothing to commit`, ya buga `git commit -am "gyara"`, Git ya ce babu abin adanawa, `git push` kuma ya ce komai ya riga ya isa. Daga nan ya gwada `git add .` a tagar umarnin da ke buɗe, wadda a lokacin take cikin ƙaramar foldar `kasuwa/`. Nan ma shiru.

Kowane ɗaya daga cikin umarnin nan ya yi abin da aka gina shi ya yi. Alamar `-a` tana ɗaukar canjin fayilolin da suka riga suka shiga rajista ne kawai, ba ta taɓa sabon fayil. `git add .` yana aiki ne daga foldar da mutum ke tsaye zuwa ƙasa, kuma yana tsallake duk fayil ɗin da ƙa'idar watsi ta rufe ba tare da ya ce uffan ba. Saƙon `git status` ɗin ma bai ce foldar aiki tana da tsabta ba. A ƙarshen layin akwai ɗan ƙarin bayani cewa a yi amfani da `-u` idan ana son ganin fayilolin da ba a bibiya. Ba wanda ya tsaya a kansa a ranar.

## Laraba: kwafa da hannu

Abokiyar aikin ta bi saƙonnin kuskuren ɗaya bayan ɗaya, tana ɗauko fayil ɗin da aka rasa daga laftof ɗinta da `scp` tana sawa a sabuwar sabar. Kafin la'asar huɗu daga cikin biyar sun gyaru, sai saƙon tes kaɗai. Da yamma aka tura wani ƙaramin gyara na daban, rubutun ɗorawa ya yi sabon `git clone` cikin sabuwar folda, duk abin da aka kwafa da hannu ya tsaya a tsohuwar. Matsaloli biyar ɗin suka dawo yadda suke.

## Alhamis: goge `.gitignore`

Da aka fahimci cewa akwai hannun ƙa'idojin watsi, jagoran ya buɗe wani reshe na gwaji, ya goge `.gitignore`, fayil ɗin da ake rubuta waɗannan ƙa'idoji a ciki, ya buga `git add -A`. Tun daga Git 2.0 na 2014 wannan umarni yana ɗaukar dukan ma'ajiyar ko daga wace folda aka buga shi. Fayiloli sama da dubu shida suka shiga rajista, mafi yawansu na foldar `venv/` inda ake girka fakitin Python, tare da rumbun gwaji na `db.sqlite3` wanda ke ɗauke da lambobin wayar masu kaya da aka kwafo don gwaji. Ba a yi kwamit ba. Aka buga `git reset` don fitar da su daga rajista, aka dawo da fayil ɗin da `git restore .gitignore`, sannan `git gc --prune=now` don share kwafin da `git add` ya riga ya ajiye a cikin `.git`.

Kafin a yi `git reset` ɗin, abokiyar aikin ta nemi fayil ɗin la'ada a cikin dogon jerin. Ta ce wa jagoran: "Malam, ga shi babu `.gitignore` ɗin gaba ɗaya, amma `laada.csv` bai shiga ba." Aka rubuta wannan a takarda, ba a bi shi ba a ranar.

## Juma'a: `git clean`

Matashin ya karanta cewa `git clean -fdx` yana mayar da foldar aiki tamkar sabon kwafi, ya gwada a laftof ɗinsa don ya ga ko matsalar za ta bayyana a wurinsa. Ta bayyana. `-f` na nufin a goge da gaske, `-d` ya haɗa da foldoji, `-x` kuma ya ce kada a kula da kowace ƙa'idar watsi. Foldar `venv/` ta tafi, rumbun gwaji ya tafi, fayilolin da sabuwar saba ta rasa su ma suka tafi, manhajar ta lalace a wurinsa kamar yadda ta lalace a can.

Akwai kuma asarar da ba ta dawo ba: wani sabon fayil na lissafin kuɗin dako da ya kwana biyu yana rubutawa, wanda bai taɓa yi wa `git add` ba. Da ya yi, ko da bai yi kwamit ba, da `git clean` bai taɓa shi ba, domin fayilolin da ba sa cikin rajista kaɗai yake gogewa. Fayil ɗin da bai taɓa shiga rajista ba kuwa, Git ba shi da kwafinsa, kuma `git clean` ba ya bi ta kwandon shara. Umarnin `git clean -ndx` yana nuna jerin abin da za a goge ba tare da goge komai ba. Sauran fayilolin aka dawo masa da su daga laftof ɗin jagoran, `venv/` kuma aka sake saukewa.

## Mako na biyu, Litinin: jera fayiloli

Saura kwana biyar. Aka dakatar da duk wani gyara, aka zauna a laftof ɗin jagoran don a jera abin da ke akwai, rukuni-rukuni.

Bugun farko na `git ls-files` ya ba da sunaye 38 kacal, har aka yi zaton rabin aikin ya fice daga rajista. Dalilin shi ne umarnin yana nuna abin da ke ƙarƙashin foldar da ake tsaye ne kawai, tagar kuma tana cikin `kasuwa/` har yanzu. Aka koma tushen ma'ajiyar da `cd "$(git rev-parse --show-toplevel)"`. Wanda ba ya son barin inda yake zai iya buga `git ls-files --full-name :/`, zai samu jerin duka.

Ga tambayoyi biyar da aka yi wa Git, kowace da umarninta:

```
git ls-files
git ls-tree -r --name-only origin/main
git ls-files --others --exclude-standard
git ls-files --others --ignored --exclude-standard --directory
git ls-files --cached --ignored --exclude-standard
```

Na farko yana jera abin da ke rajista: 214. Na biyu yana jera abin da ke cikin kwamit ɗin ƙarshe na GitHub kamar yadda laftof ɗin ya san shi, don haka aka fara yin `git fetch` tukuna. Shi ma 214, kuma `diff` tsakanin jerin biyu bai nuna bambanci ba. Wannan ya kawar da zaton ranar Litinin ta farko: babu abin da aka adana aka manta ba a tura ba.

Na uku yana jera fayilolin da ba a bibiya kuma babu ƙa'idar da ta rufe su. Kalmar `--others` ita kaɗai tana kwaso duk abin da ba ya rajista, har da `venv/`. `--exclude-standard` ce ke sa a yi aiki da ƙa'idojin watsi daga wurare uku: duk wani `.gitignore` da ke cikin ma'ajiyar, da `.git/info/exclude`, da fayil ɗin watsi na mai kwamfutar, wanda yawanci yake `~/.config/git/ignore` ko inda `core.excludesFile` ya nuna. Ya fitar da layuka uku:

```
rahoto/templatetags/__init__.py
rahoto/templatetags/kudi.py
"rahoto/templates/rahoto/\306\231ididdiga.html"
```

Ga fayiloli uku da `git status` ya kamata ya nuna tun ranar farko. Aka tambayi dalilin shirunsa da `git config --show-origin --get status.showUntrackedFiles`, amsa ta zo: `file:.git/config`, darajarsa `no`. Watanni da suka wuce jagoran ya sa wannan saiti saboda tarkacen gwaji na cika masa fuska. Saitin yana zaune a `.git/config`, fayil ɗin da ba ya bin `git push` ko `git clone`, amma ya bi filashi zuwa sauran laftof biyun. Aka cire shi a kwamfutoci ukun da `git config --unset status.showUntrackedFiles`. Ko bayan an cire, `git status` yana taƙaita sabuwar folda zuwa sunanta kaɗai, sai an ce `git status --short -uall` ne yake jera kowane fayil da alamar `??` a gabansa.

Layi na uku ya ɗauki lokaci. Matashin ya ɗauka gurɓataccen suna ne na fayil ɗin da ya lalace. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, sunansa `ƙididdiga.html`. Git, idan ba a canza masa saiti ba, yana rubuta duk wani harafi da ke wajen ASCII, wato haruffan Turanci na yau da kullum, da lambobi masu tushe takwas, ya sa sunan cikin alamar zance. Harafin ƙ a tsarin UTF-8 baiti biyu ne, shi ya sa yake fitowa `\306\231`. Haka ɗ ke fitowa `\311\227`, ɓ kuma `\311\223`. Duk mai sa wa fayilolinsa sunan Hausa zai ci karo da wannan, kuma yana ɓata kwatance: da aka gwama jerin Git da na `find` ta hanyar `comm`, wannan fayil ya fito a matsayin sunaye biyu daban. Maganinsa `git config core.quotePath false`, ko a buga `git -c core.quotePath=false ls-files` na lokaci ɗaya. Idan wani shiri ne zai karanta jerin, `-z` ya fi aminci, domin yana fitar da sunayen yadda suke, ko da akwai sarari a cikinsu.

Umarni na huɗu yana jera abin da ƙa'ida ta rufe. Ba tare da `--directory` ba layukan sun haura dubu shida. Da ita suka koma 23, mafi yawansu `__pycache__/`. Aka bi su layi-layi, ana tambaya a kan kowanne ko manhajar za ta iya tashi ba tare da shi ba. Huɗu suka tsaya: `static/lib/`, da `locale/ha/LC_MESSAGES/django.mo`, da `bayanai/laada.csv`, da abin da ke foldar `rasit/`.

Na biyar shi ne wanda ba a cika bugawa ba: fayilolin da ke cikin rajista alhali akwai ƙa'idar da ta ce a yi watsi da su. Daga Git 2.32 na 2021, `--ignored` ba ya aiki sai an haɗa shi da `--others` ko `--cached`, don haka tsofaffin misalan da ke cewa `git ls-files -i --exclude-standard` kawai kuskure suke bayarwa yanzu. Ya fitar da biyu: `debug.log` da `.env`, fayil ɗin da ake ajiye kalmomin sirri da makullan manhajar.

## Talata: wace ƙa'ida ce ta rufe wane fayil

Aka miƙa wa `git check-ignore -v` sunayen. Yana bayar da fayil ɗin da ƙa'idar ke ciki, da lambar layi, da ƙa'idar kanta:

```
.gitignore:17:lib/          static/lib/buga.js
.gitignore:55:*.mo          locale/ha/LC_MESSAGES/django.mo
.git/info/exclude:7:*.csv   bayanai/laada.csv
.gitignore:161:*.pdf        rasit/0412.pdf
```

Layin `lib/` ba wani a ofishin ya rubuta shi ba. Yana cikin samfurin `.gitignore` na Python da GitHub ke bayarwa idan ana buɗe sabuwar ma'ajiya, an yi shi ne don foldar da kayan haɗa fakiti ke samarwa. To amma ƙa'idar da ba ta da `/` a farkonta ko tsakiyarta tana kama wannan suna a kowane mataki na ma'ajiyar, shi ya sa ta haɗiye `static/lib/` inda fayiloli biyu na buga rasit suke. Gyaran farko da aka gwada shi ne ƙara `!static/lib/buga.js` a ƙasan layin. Bai yi aiki ba, domin idan an rufe folda gaba ɗaya Git ba ya ma leƙa cikinta, don haka ba a iya ware fayil ɗaya daga ciki. Da an rubuta `!static/lib/`, wanda ke buɗe foldar kanta, da ya yi. Abin da aka zaɓa shi ne mayar da layin `/lib/`, wanda ke kama foldar da ke tushen ma'ajiya kawai.

Layin `*.mo` ma na samfurin ne, kuma aka bar shi. Fayil ɗin `.mo`, mai ɗauke da fassarar Hausa ta fuskar manhajar, ana samar da shi ne daga `.po`, wanda yake cikin rajista tun farko. Aka girka `gettext` a sabar, aka ƙara `python manage.py compilemessages` a rubutun ɗorawa, Hausa ta dawo fuskar manhajar.

Layin `*.csv` shi ne amsar abin da abokiyar aikin ta lura da shi ranar Alhamis. Jagoran kan fitar da rahotanni cikin foldar aikin, ya sa ƙa'idar a `.git/info/exclude` don kada su dame shi, ita kuma ta rufe har da teburin la'ada da manhajar ke karantawa. Wannan fayil ɗin ma cikin `.git` yake, don haka goge `.gitignore` bai taɓa shi ba, kuma shi ma filashi ya kai shi ga sauran biyun. Ana iya tilasta fayil ɗin shiga da `git add -f bayanai/laada.csv`, amma ƙa'idar za ta ci gaba da haɗiye duk wani `.csv` na gaba. Aka goge layin a kwamfutoci ukun, aka ware foldar `fitarwa/` don rahotanni, aka sa `/fitarwa/` a `.gitignore` inda kowa zai gani.

Foldar `rasit/` kuwa ba ta taɓa zuwa sabar ba saboda Git fayiloli yake rubutawa, ba foldoji ba, kuma duk abin da ke cikinta PDF ne da aka yi watsi da su da gangan. Wasu kan jefa fanko mai suna `.gitkeep` a ciki. A nan an ƙara wa manhajar layin `os.makedirs` mai `exist_ok=True` don ta ƙirƙiri foldar da kanta.

## Laraba: `.env`

`git log --oneline -- .env` ya nuna kwamit ɗaya tak, na makon farko na aikin, kafin a sa `.gitignore`. Ƙa'idar watsi ba ta da iko a kan fayil ɗin da ya riga ya shiga rajista, don haka `.env` ya ci gaba da zama cikin kowane kwamit. Tun daga lokacin an sauya makullin kamfanin aika tes a laftof da tsohuwar saba, amma `git status` bai taɓa cewa fayil ɗin ya canza ba. `git ls-files -v .env` ya nuna dalili: ƙaramin harafi `h` a gaban sunan maimakon babban `H`. Ƙaramin harafi na nufin an taɓa buga `git update-index --assume-unchanged` a kansa, umarnin da ke sa Git ya daina duba ko fayil ɗin ya canza. Alamar tana zaune a cikin rajista, ita ma ta bi filashi. Abin da sabuwar saba ta samu daga GitHub tsohon `.env` ne mai mataccen makulli, shi ya sa tes ya ƙi fita. Kalmar sirrin rumbun bayanai da ke cikinsa kuwa ita ce wadda ake amfani da ita har ranar.

Aka bi matakan a jere. Kowa ya fara kwafe `.env` ɗinsa zuwa wajen foldar aikin, domin kwamit ɗin da ke cire fayil daga rajista yana goge shi daga faifan wanda ya jawo shi da `git pull`, ko kuma jawowar ta tsaya idan fayil ɗin ya bambanta. Kowa ya buga `git update-index --no-assume-unchanged .env`. Jagoran ya buga `git rm --cached .env debug.log`, wanda ke cire sunayen daga rajista ya bar fayilolin a faifansa. Aka ƙara `.env.example` mai sunayen saitin ba tare da ainihin sirrin ba. Sauran biyun suka mayar da nasu yadda yake a kwamit da `git restore .env`, suka jawo, sannan suka dawo da kwafin da suka ajiye. A sabar, ainihin `.env` ya koma wata folda ta dindindin da rubutun ɗorawa ke nuna wa manhajar.

Cirewa daga rajista ba ta goge tarihi. Aka sauya kalmar sirrin rumbun bayanai a daren. An tattauna sake rubuta tarihin da `git filter-repo`, aka fasa: ma'ajiyar ta sirri ce, sirrin da ke cikinta duk sun mutu, kuma sake rubutawa zai canza lambar kowane kwamit a makon da lokaci ya ƙure.

## Alhamis da Juma'a: gwaji da sauyawa

Rajista ta koma 219: uku na `rahoto/`, biyu na `static/lib/`, teburin la'ada da `.env.example` sun shiga, biyu sun fita. Umarni na uku da na biyar suka dawo babu ko layi ɗaya.

Matashin ya yi `git clone` cikin `/tmp/gwaji`, ya buɗe sabon `venv`, ya girka daga `requirements.txt`, ya kwafi `.env.example`, ya tayar da manhajar. Abu ɗaya ya ƙara fitowa: fakitin da ke haɗa PDF yana cikin `venv/` na kowa amma babu shi a `requirements.txt`. A sabuwar saba an girka shi da hannu ranar Laraba ta farko aka manta. Aka ƙara shi, aka sake gwajin daga farko, ya wuce. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka mayar da dillalai kan sabuwar saba, aka bar tsohuwar a kunne har hayarta ta ƙare. Motocin da suka iso da asubahin Asabar an rubuta su, rasit ya bugu, tes ya isa ga masu kaya.

## Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Kwana biyar na farko sun tafi ne wajen gyara abin da ba a ƙidaya ba. Sake turawa ya dogara da cewa shirun `git status` shaida ce, alhali shi umarni ne na taƙaitawa, kuma abubuwa uku daban sun rufe masa baki a wannan ma'ajiya: saitin `.git/config`, ƙa'idojin watsi, da alamar da ke cikin rajista. Kwafa da hannu ta gyara sabar ta bar ma'ajiyar yadda take. Goge `.gitignore` ya fi su haɗari, domin tsakaninsa da tura lambobin wayar mutane zuwa GitHub umarni biyu ne kawai suka rage. `git clean` ya tabbatar da zato na gaskiya, amma `git clone` cikin wata folda daban zai ba da amsa iri ɗaya ba tare da an rasa aikin kwana biyu ba.

Jerin `git ls-files` ya yi aiki saboda kowane umarni tambaya ɗaya yake amsawa, kuma saitin da ya rufe bakin `git status` ba ya shafar sa. `git check-ignore -v` kuma ya nuna cewa fayilolin da aka rasa ba magani ɗaya suke buƙata ba: wasu rajista ya kamata su shiga, ɗaya a samar da shi lokacin ɗorawa, ɗaya manhajar ta ƙirƙira, ɗaya kuma a fitar da shi da gaggawa. Duk hanyar da ta ɗauke su a dunƙule, ko `git add -A` ko `git add -f`, da ta gyara wasu ta ɓata wasu.

Laifi mafi nauyi yana kan filashin da `rsync`, ba kan samfurin `.gitignore` ba. Da mutum na biyu ya fara aiki da `git clone`, da `static/lib/` da teburin la'ada sun ɓace masa a ranar farko, lokacin da fayilolin ba su kai ɗari ba kuma babu wa'adin haya a kan kowa. Shawarar barin tsohon `.env` a tarihi tana da hujja muddin ma'ajiyar ta ci gaba da zama ta mutum uku. Idan za a buɗe ta ga wani daga waje, sai an sake duba ta.

Ofishin ya ajiye ƙa'idoji uku. Sabon shiga da `git clone` yake farawa. Kafin kowace ɗorawa ana buga umarni na uku da na biyar a laftof ɗin mai turawa, idan ɗayansu ya fitar da ko layi ɗaya ana tsayawa a duba. Ba a kuma buga `git clean` da `-f` sai an fara karanta abin da `-n` ya jera. Fayil ɗin kuɗin dako matashin ya sake rubuta shi a mako na uku, ya yi masa `git add` tun yana da layi goma.